FILIN NOMA DA KIWO: Lambun Cikin Gida, Tun Bazara Ake Kafa Shi

Kowace shekara, da zarar iskar bazara ta fara kaɗawa, hadari ya soma haɗuwa a gabas yana watsewa, akwai wata magana da ba ta rasa tasowa tsakanin maigida da uwargida, wato maganar kuɗin cefane. Kuɗin da aka ba yaro a watan Fabrairu ya komo da kwano cike da tumatir da tattasai, su ne za a ba shi a watan Mayu ko Yuni ya komo da 'yan ƙwayoyi huɗu ko biyar a tafin hannu. Uwargida ta ce kuɗin ba su isa ba, maigida ya ce ai jiya ma haka ya bayar, alhali kuwa dukansu gaskiya suka faɗa. Saboda haka a wannan mako filin nan zai duba dalilin wannan tsada da ke komowa duk shekara, da kuma abin da magidanci zai iya yi a ɗan filin da ke bayan ɗakinsa don ya rage wa kansa nauyi.

DALILIN TSADAR KAYAN MIYA

Galibin tumatir da tattasai da attarugu da albasar da ake ci a ƙasar nan, daga noman rani na Arewa suke fitowa. Akwai filayen Kadawa da Kura a Jihar Kano, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gama ginawa a 1974, akwai Ɗanja a Jihar Katsina, da fadamun ƙasar Zazzau, ga kuma Aliero ta Jihar Kebbi da ta yi suna wajen albasa. Daga nan ake loda manyan motoci zuwa Ikko da Badun da Fatakwal da sauran biranen kudu. Manoman nan kan yi dashe bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba da Nuwamba, su yi ta tsinka daga Janairu har zuwa Afrilu. Da zafi ya tsananta sai lambuna su tashi, shi kuwa tumatirin damina ba ya shiga kasuwa sosai sai wajen Agusta. Watannin da ke tsakani su ne watannin kuka da cefane.

Wani lokaci kuma annoba kan haɗu da wannan giɓi, abin ya zama biyu. A 2016 wata tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta, manoman Kano kuma suka laƙaba mata suna "sharon", ta cinye gonakin tumatir a jihohin Arewa da dama, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu na shekarar. Asalin tsutsar daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a ƙasar Sifen a 2006, daga can ta yi ta yaɗuwa har ta iso Afirka. Haka kuma a tsakiyar 2024 kayan miya suka yi irin tsadar da aka daɗe ba a gani ba, a daidai lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwar cewa farashin kayan abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabata.

Idan cefane ya yi tsada, abin da talaka ke fara ragewa shi ne ganye da kayan lambu, ya bar tuwo da ruwan miya. Illar wannan kuwa ba ta bayyana nan da nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya riƙa cin abin da bai gaza giram 400 ba na kayan lambu da 'ya'yan itace a kowace rana. Rashin sinadarin bitamin A, wanda ake samu a ganyaye masu duhun kore da kabewa da karas, shi ke kawo dundumi, ya kuma raunana jikin yara har ƙyanda ko zawo su yi musu mugun kamu. Ashe ke nan zancen lambu a gida ya shafi lafiyar iyali kamar yadda ya shafi aljihun maigida.

BAZARAR TURAI DABAN, TA NAN DABAN

A nan ne masu sha'awar lambu da yawa, musamman ma'aikata da 'yan boko mazauna birane, kan yi kuskure. Mutum ya sayo ƙunshin iri da aka shigo da shi daga waje, ko ya karanta littafin lambu na Turawa, ya ga an ce a shuka latas da kabeji da karas da tumatir "da bazara", sai ya ɗauki maganar yadda take. To, lokacin da Turawa ke nufi shi ne watannin Maris zuwa Mayu a ƙasashensu, sa'ad da ƙanƙara ta narke, ƙasa ta fara ɗumi bayan dogon sanyi, itatuwa suka soma toho. Babban abin da mai lambu a Ingila ke tsoro a lokacin shi ne kada jaura ta sauko da dare ta ƙone masa tsiro. A Sakkwato da Maiduguri da Kano kuwa, waɗannan watanni su ne mafi zafi a shekara, har ma'aunin zafi kan haye digiri 40 da rana.

Tumatir ba ya jure wannan. In zafin rana ya wuce misalin digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, sai furensa ya riƙa kaɗewa ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. Latas kuwa sai ya yi tsiri ya yi ɗaci, kabeji ya ƙi dunƙulewa. Lokacin da ya dace da waɗannan a ƙasar Hausa shi ne hunturu, in ban da wurare masu sanyi irin tsaunukan Jos da Mambila. Wanda ya shuka su da bazara ya ga sun lalace, sai ya ce ba shi da hannun shuka, ya watsar da abin gaba ɗaya, alhali kuwa hannunsa lafiya lau yake, kalandar wata ƙasa ya bi.

Aikin bazara a nan shi ne shiri: gyaran wuri, tara taki, kafa shinge, neman iri da renonsa a inuwa, domin ruwa ya sauka ya tarar an kintsa. Abin da za a shuka kuwa su ne tsirran da suka saba da zafi da ruwan damina, waɗanda kakanni suka san su tun kafin a ga tumatir a ƙasar nan. Shi tumatir da barkono baƙi ne, daga nahiyar Amurka suka fito. Kuɓewa da rama da yakuwa da lalo kuwa tsofaffin 'yan gida ne, kuma masana tsirrai sun sa su duka a dangi ɗaya da auduga da kuka, abin da duk wanda ya dubi furen kuɓewa ya dubi na auduga zai gane.

ABIN DA ZA A SHUKA

Na farko shi ne alayyafo, domin babu mai saurinsa. Daga shuka zuwa fara cira mako uku ne zuwa huɗu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, saboda haka a gauraya shi da yashi ko toka kafin a yafa, don kada ya fito a cunkushe. In aka riƙa yanka shi sama kaɗan da ƙasa maimakon a tuge, zai sake toho a yanka sau biyu ko uku. Dabarar ita ce a raba wurin kashi uku, a riƙa shuka kashi ɗaya bayan kowane mako biyu, ta yadda ganye ba zai yanke ba.

Na biyu kuɓewa. A jiƙa irinta ya kwana cikin ruwa, a shuka ƙwaya biyu ko uku a rami, a bar misalin taku ɗaya da rabi tsakanin rami da rami. Iri mai sauri kan fara 'ya'ya cikin wata biyu. A riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku tun tana ɗanya, gama in aka bar 'ya'yan suka ƙosa a jikinta sai uwar ta rage haihuwa. Gindi ashirin da aka kula da su suna isar ƙaramin iyali, har a yanka saura a shanya.

Sai rama da yakuwa, waɗanda za a jera a gefen katanga ko bakin shinge, ba sa neman wata hidima. Ganyen rama a yi kwaɗo ko fate, ɓawonta a tufka igiya. Yakuwa kuwa ganyenta na miyar taushe ne, in ta ƙosa da kaka a sami zoɓorodo, 'ya'yanta kuma a yi daddawar batso. Kabewa gindi biyu sun isa, a ɗora yaɗonta kan danga ko rumfa don kada ta cinye fili. Tana ɗaukar wata uku zuwa huɗu, in ta nuna kuma takan yi watanni a ajiye ba ta lalace ba. Gauta da barkono suna son a rene su tukuna na misalin mako biyar ko shida kafin a dasa, don haka renonsu aikin bazara ne, a tsohon kwano ko kasko, a ƙarƙashin inuwa.

Kada a manta da zogale, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya ne amma ya zama ɗan gari. Reshe mai kauri aka sara aka kafa da farkon damina, sai ya kama. In aka riƙa datse kansa kada ya wuce tsayin mutum, zai yi rassa da yawa, ganyensa kuma ya kasance inda hannun mace zai kai. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ake sa wa kwaɗonsa suna da amfani fiye da daɗin baki, domin jiki ba ya ɗaukar bitamin A sosai sai da maiƙo.

Hausawa mazauna kudu, irin na Sabo a Badun da Agege a Ikko, su lura cewa ruwansu kan sauka tun Maris ko Afrilu, saboda haka shirinsu ya riga na Kano da wata biyu. A can shuwaka da ugu suna yi ƙwarai, ita shuwaka ma reshe ake kafawa kamar zogale.

GYARAN WURI DA TAKI

Ba a bukatar fili mai yawa. Taku huɗu a tsaye, taku uku a kwance, in dai rana tana samun wurin na misalin awa shida a yini, ya isa a fara. Abin lura shi ne, fangalin rani da na damina ba ɗaya ba ne. Da rani akan yi fangali mai zurfi don ya riƙe ruwan da aka ba shi. Da damina kuwa tada ƙasar ake yi kamar kunya, ta ɗara sauran fili da misalin kamu ɗaya, don ruwa ya wuce, gama saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi. Kada faɗin ya wuce inda hannu zai kai tsakiya daga gefe, don kada a riƙa tattake ƙasar.

Game da taki, mafi kyau shi ne kashin awaki da tumaki ko na shanu wanda ya kwana biyu ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone tsiro, sai an tara shi an yayyafa masa ruwa ya yi makonni yana hucewa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka ce a fara tun bazara. Shekaru aru-aru manoman kewayen birnin Kano suna kwasar takin shara daga cikin gari a kan jakuna zuwa gonakinsu, abin da ya sa gonakin suke ba da amfani kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Amma jujin wancan zamani toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi. Na yanzu cike yake da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, waɗanda ke zuba guba a ƙasa. Gara mutum ya haƙa ɗan rami a kusurwar gida, ya riƙa zuba ɓawon kayan miya da busasshen ganye da toka da sharar turke, ya yi nasa takin da ya san abin da ke ciki.

Wanda yake zaman haya, ko wanda aka shafe tsakar gidansa da siminti, shi ma yana da hanya. A sami tsohon buhun shinkafa ko na taki, a wanke, a huda gindinsa, a cika shi da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Buhu guda yana ɗaukar kuɓewa biyu ko barkono biyu, ko alayyafo mai yawa. Tsohon bokiti da fasasshiyar randa duk suna yin wannan aiki. Ran da aka tashi daga gidan, a ɗauki lambun a tafi da shi.

Sa'an nan shinge. Akuya ɗaya tana iya share aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar, kaji kuma su tone iri tun bai tsiro ba. Ƙarin abin baƙin ciki, irin wannan ɓarna ta sha raba maƙwabta da suka yi shekaru suna zaman lafiya. Don haka a kafa danga ta kara ko zana ko tsohuwar waya kafin a sa ƙwayar iri ɗaya a ƙasa, rigakafi ya fi magani.

RUWAN FARKO DA ƘWARI

Ruwan farko yakan yaudari mai gaggawa. Sau da yawa akan yi ruwa ɗaya mai ƙarfi, kowa ya fita shuka, sa'an nan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowace jiha, kuma ya kamata a saurare shi a rediyo. Sai dai mai lambun gida ya fi mai gona sa'a a nan, domin ɗan wurinsa bokiti biyu safe da yamma sun riƙe shi har ruwa ya zauna. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye, waɗanda kullum ake zubarwa a rariya, in aka tara su sun yi rabin aikin. Ruwan kwata da ruwan wanki mai yawan sabulu ko bilic kuwa a nisanta su daga abin da za a ci. In aka rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, damshi zai daɗe, amma a riƙa dubawa saboda gara.

Wajen ƙwari, a ɗan ƙaramin lambu ido da hannu sun fi kowane magani. A riƙa zagawa da safe ana duba bayan ganye, a tsince tsutsa, a cire ganyen da ya kamu. Toka da aka barbaɗa da sanyin safiya tana rage ƙwarin da ke huda ganyen kuɓewa. Haka kuma 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, in aka daka aka jiƙa suka kwana, aka tace aka yayyafa da yamma, suna hana ƙwari ci. Wanda ya ga lalle sai ya sayi maganin feshi, to ya nemi malamin gona ya karanta masa adadin kwanakin da za a jira kafin a ci, ya kuma ɓoye kwalbar inda yara ba za su kai ba. In aka tuge kuɓewa aka ga saiwarta ta yi ƙulu-ƙulu, alama ce ta wasu ƙananan tsutsotsi a cikin ƙasa. Baɗi sai a sa masara a wurin, a kai kuɓewar wani gefe.

Akwai masu ƙin shuka a gida don tsoron sauro, tun daga zamanin da 'yan duba-gari ke hana dogayen shuke-shuke a cikin gari. Gaskiyar magana ita ce sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai. A rufe randa da duro, a kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, a share ciyawar da ta yi duhu, shi ke nan.

DARASIN BAYA

Kiran mutane su yi shuka a gida ba sabon abu ba ne. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, jiragen ruwan da ke kai wa Ingila abinci suka shiga haɗari, sai gwamnatinsu ta yi shelar kowa ya haƙa bayan gidansa ya shuka, har filayen wasa da na shaƙatawa aka mai da su lambuna. A Amurka ma an yi irin waɗannan lambuna kimanin miliyan 20 a lokacin yaƙin. A nan gida kuma, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, inda aka bukaci ma'aikata da makarantu da barikokin soja su noma duk wani fili da ke kusa da su, kana gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980. Shirye-shiryen sun zo sun wuce tare da gwamnatocin da suka kawo su. Amma tsohuwar da ke ƙauye, wadda ba ta taɓa jiran shela ba, har yau tana da yakuwarta a bayan ɗaki da kabewarta a kan danga, da irin baɗi ƙulle a tsumma cikin tukunya.

Kada wani ya ɗauka cewa taku huɗu na ƙasa za su raba shi da kasuwa. Hatsi da mai da gishiri da albasa duk sai an saya. Abin da lambun zai yi shi ne, a watannin da tumatir ya gagari talaka, uwargida ta fita bayan ɗaki ta yanko alayyafo ko ta tsinko kuɓewa ta kaɗa miya, kuɗin da za a kashe a kansu kuma a ƙara a sayi wake ko kifi. Abin da ya yi saura da kaka a shanya shi a inuwa a adana, a kuma ware 'ya'yan da suka fi kyau a bar su su ƙosa don iri. Yaran gida su ma in aka ba kowannensu buhu ɗaya ya kula da shi, sun koyi abin da zai amfane su har girma. Masu iya magana dai sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka wanda ke da niyya, makon nan ne na neman taki da kara da iri, tun hadari bai zauna ba. Allah Ya kawo damina mai albarka, amin.